Bayan Ganuwa: Yadda Igiyar Awo ke Yanke wa Sabbin Unguwannin Katsina Hukunci

Wanda ya san Katsina kafin 1987, shekarar da aka yanke jihar daga tsohuwar Jihar Kaduna aka mai da birnin hedikwata, zai tuna cewa in ka cire GRA da 'yan unguwannin da suka raɓu da ganuwa, da ka fita ƙofa ka ɗan taɓa tafiya gero da dawa ne za su tare ka. Yau gini ya bi hanyar Dutsin-Ma har ya haɗe da Batagarawa, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da kwalejin Hassan Usman suka ja ma'aikata da ɗalibai. Ya bi hanyar Kano ya shanye Ɗandagoro. Rukunin gidajen Goruba, Barhim, Makera, Sardauna da Fatima Shema, da tsofaffi irin su Dutsen Safe, sunaye ne da ɗan acaba ba ya neman kwatancensu.

Duk da haka, tari magidancin da ya shekara goma sha biyar a gidan da ya gina da guminsa a can, ka ce masa, "Alhaji, kai ɗan wace unguwa ne?" Zai ce maka Yarinci, ko Gambarawa, ko Rafindaɗi. In bikin 'yarsa ya tashi, a ƙofar gidan kakanta za a ɗaura aure. In rasuwa aka yi masa, can za a shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Mutane kan ce son asali ne, kuma akwai wannan. Amma babban dalilin ya fi haka sauƙin gani: abubuwan da ke mai da tarin gidaje unguwa, wato hanya mai faɗi, lambatu, masallaci, makaranta, maƙabarta, da wurin da jama'a za su zauna su ga juna, duk fili suke buƙata. A mafi yawan sabbin wuraren nan, tun ranar da aka ja igiya aka sayar da wannan filin.

Iri huɗu ne ke haɗuwa a bayan ganuwa, kowa da abin da ya kawo shi. Akwai 'yan cikin gari da gidan gado ya yi wa kaɗan. Gidan da kaka ya gina don mata biyu da 'ya'ya takwas yanzu jikoki arba'in ke da haƙƙi a ciki, in aka zo rabo wani ko ɗaki guda ba zai samu ba, sai a yi wa gidan kuɗi, mai ƙarfi a cikin dangi ya biya sauran, kowa ya ɗauki nasa ya nufi inda fili ke da sauƙi. Akwai ma'aikata da 'yan kasuwa daga Funtuwa, Malumfashi, Daura, Kankiya da wasu jihohi, waɗanda aiki ya zaunar. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Batsari, Jibiya, Safana da Ɗanmusa, da yawansu suna fakewa a kangayen da masu su ba su ƙarasa ba. Sai kuma waɗanda aka fi mantawa da su, mutanen ƙauyukan da birni ya iske a inda suke, masu gonakin da aka yanka.

Gidajen ma kashi biyu ne. Akwai na gwamnati, ko dai rukunin gidajen da ta gina ta raba, galibi ga ma'aikata ana cire kuɗin a albashi, ko filayen da ta tsara ta kafa musu turakun iyaka da lamba. Sai awon igiya, wato gonar da mai ita da dillali suka yanka da igiya suka sayar, wanda shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma nan ne matsalar ta fi tsanani.

Lissafin ba shi da wuya. Fuloti ɗaya ƙafa 50 ne a 100, wato kusan mita 15 a 30, murabba'in mita 450. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce. In da za a yanka ta ba a bar ko taku ɗaya na hanya ba, fuloti 22 za ta bayar. In kuwa aka ware kashi ɗaya cikin uku don tituna, magudanan ruwa, masallaci da makaranta, abin da zai rage bai wuce fuloti 14 zuwa 15 ba. Tsakanin nan akwai kuɗin fuloti bakwai a kowace hekta, kuma mai gona da dillali sun san haka sarai. Shi ya sa layin da ya kamata ya kai ƙafa 30 ake barinsa ƙafa 12 ko 15. Motar ɗaukar yashi ko ta 'yan kwana-kwana faɗinta ya kai ƙafa takwas. Cire ƙafa biyu-biyu na kwata hagu da dama, ka ƙara dakalin da kowa zai fito da shi ƙofar gida, da turken lantarki, sai ka ga abin da ya rage. Mai saye yakan tambaya, "Malam, ina aka ware wa masallaci?" Dillali ya nuna wani gefe da baki ya ce, "Alhaji, ai in an taru za a yi." Ranar da aka taru, gefen nan ya riga ya zama gidan wani har da shago a jiki.

Takarda ita ce tarko na biyu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, kuma satifiket ɗin mallaka da ake kira C of O galibi na shekara 99 ne ga gidan zama. Sayar da filin da ke da irin wannan takarda ma sai da amincewar gwamna. Takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu tana da amfani, don tana nuna an yi ciniki a gaban shaidu, amma ba ta hana gwamnati karɓar wurin in ya faɗa cikin titi ko wani aikin jama'a. In an karɓa kuma, doka ta fi duba abin da aka gina ko aka shuka a kai wajen biyan diyya, ba tsadar da ka sayi ƙasar ba. Kafin kuɗi su bar hannu, ya kamata mai saye ya sa ma'auni mai lasisi ya ɗauko lambobin wurin, a kai KATGIS, hukumar da ke riƙe da taswira da bayanan filayen jihar, ko ma'aikatar ƙasa a duba ko yana cikin wani tsari ko an taɓa ba wani, sannan a nemi izinin gini a hukumar tsara birane. A ɗaga kai kuma a dubi sama: babban layin wuta mai ƙarfin 132kV yana da haramin mita 30, sha biyar kowane ɓangare, kuma ana sayar wa mutane ƙarƙashinsa da araha.

Rikicin da ya fi kai mutane gaban alƙali bai ma shafi gwamnati ba. Gonar gado ce da ba a raba ba. Babban wa ya sayar da fuloti goma, ƙanne mata suna gidajen mazansu ba su sani ba, wani ƙane yana Legas. Bayan shekara uku, an kai linta, sai ga sammaci. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar wa baƙon da ya saya kuɗinsa ya karɓi kason, balle kuma in wanda ya sayar ya wuce nasa rabon. Maganin shi ne a nemi takardar rabon gado daga kotu, in babu a tara magada duka, maza da mata, kowa ya sa hannu a gaban dagaci, a kuma kira masu iyaka ta gabas, yamma, kudu da arewa su tsaya a wurin ranar awo. Wanda ya ga wannan ya yi masa yawa bai taɓa ganin an rubuta jan fenti a bangon da ya ci bashin banki ya ɗora ba.

Ruwan sama ne ke fara tona asirin mummunan awo. Gonakin nan suna da hanyoyin ruwansu tun fil azal, da kududdufan da ke shanye shi. Da ƙasa ta yi tsada sai aka riƙa cike kududdufi da shara da ɓaraguzai ana yankawa. Ƙasar da ke tsotse ruwa a da, yanzu kwano da siminti sun rufe ta. A tsaya a irin wannan layi da yammacin wata rana ta Agusta, minti ashirin bayan an kece da ruwa. Kowane indararo yana zubowa titi. Mai gidan farko ya ɗaga dandamalinsa bulo uku, na kusa da shi da ya zo daga baya ya ɗaga biyar, na uku ya zuba tifa biyu ta jar ƙasa a ƙofarsa har ta toshe guntuwar kwatar da maƙwabcinsa ya haƙa. Ruwan ya rasa mafita, ya taru ya zama ja, yana ɗauke da leda da robar lemo, ya gangara gidan da ya fi kowane ƙasa. Wannan gidan kusan kullum na wanda ya riga kowa zuwa ne, sau da yawa ɗan asalin ƙauyen mai ginin ƙasa. Matarsa na kwarfe ruwa da tasa, yara na ɗora katifa a kan buhunan hatsi, gindin katanga ya jiƙe ya yi baƙi. Gobe da asuba za a haɗu a sahu ɗaya, amma gaisuwar ba za ta yi daɗi ba. Kwata ba ta aiki gida-gida. Dole a fara ta daga inda ruwan zai fita, a auna gangaren layin gaba ɗaya, a sa kwalbati a kowace mahaɗa, a kuma yarda da tsayin dandamali ɗaya kafin kowa ya zuba harsashi. In an riga an gina, gyaran yana nufin wani zai rasa dakalinsa wani ya rasa shago, kuma nan ne zumunci ke tsinkewa.

Ruwan sha ma haka. Ruwan famfon birni ya daɗe yana dogaro da madatsar Ajiwa, kuma bututu bai bi gini zuwa mafi yawan sabbin wurare ba. Mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, marar hali ya jira 'yan ga-ruwa da jarkoki masu lita 25. Ga abin da ba a cika faɗa ba: masana lafiya na so a bar tazarar kusan mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Tsawon fuloti gaba ɗaya mita 30 ne, faɗinsa 15, wasu ma rabin fuloti suka saya. Ko ka kai taka sokawe ƙurya, ta maƙwabcinka tana bayan katanga daf da rijiyarka. Idan layi ɗaya ya tara burtsatse goma, cikin bazara sai su riƙa janye wa juna ruwa, injin ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Burtsatse ɗaya mai zurfi, an sa mata bututun kariya an toshe bakinta da siminti, da sola da babban tanki a sama, ta fi goma ɗin nan tsafta da araha. Sai dai tana son ɗan fili na kowa da kowa, wanda igiya ba ta bari ba.

Wutar lantarki ba sai an tsawaita ba. Ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ita ce kamfanin rarraba wuta ne ke da alhakin tiransifoma da turaku da waya, amma a aikace mazauna sabbin unguwanni kan yi karo-karo su saya don gajiya da jira. In za a yi, a rubuta sunan duk wanda ya bayar da nawa ya bayar, a kuma yanke tun farko abin da mai zuwa daga baya zai biya kafin ya ja waya. Rashin wannan 'yar takarda ya raba kan layuka da yawa.

Rukunin gidajen gwamnati sun tsira daga yawancin wannan, don suna da tituna da kwata a zane. Tasu damuwar siffar gidan ce. An zana su wa miji da mata da 'ya'ya uku: falo, ɗaki biyu ko uku, kicin a ciki. Gidan Bahaushe kuwa yana son zaure inda baƙo namiji zai tsaya, da tsakar gida inda mata za su sake, su yi shanya, su hura gawayi, su ɗora tukunyar suna. Yana son ɗakin tsohuwa, da na samari a waje, da inda za a ɗaure ragon layya, da kuma lissafin cewa wata rana ana iya ƙara aure. Don haka kafin shekara biyar kowa ya ja katanga mai tsawo, ya ƙara ɗakuna a baya, ya fasa shago a gaba, wani ya rufe kwatar gwamnati da kankare don motarsa ta shiga. Babu laifi mutum ya gyara gida ya dace da rayuwarsa, laifin na masu zane ne da ba su tambayi yadda ake zama ba. Abin da aka rasa a ciki shi ne zaure. Zaure ne wurin da maƙwabci ke shigowa ba sai an gayyace shi ba, a ci tuwon dare tare, a ji wanda ba shi da lafiya. Ƙofar ƙarfe sai an ƙwanƙwasa, kuma mutum ba ya ƙwanƙwasa ƙofar wanda bai saba da shi ba sai da dalili.

Mata ne suka fi ɗanɗana wannan. A cikin gari matar aure ba ta fita amma ba ta kaɗaita. Yara na kai saƙo, ana aiko da cefane ta kan katanga, mai ƙuli-ƙuli da mai ɗan wake suna da masu saye a lungu, in naƙuda ta tashi cikin dare akwai gwaggo a gida na uku. A sabuwar unguwa maigida ya fita tun safe, yara suna makaranta, gidan dama kango ne, na hagu ba a san matar ba. Sana'ar cikin gida ta mutu don babu masu wucewa. Zuwa gida gaida Inna ya koma lissafin kuɗin Keke Napep, wanda ya ninka tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Inda aka ga sabuwar unguwa ta yi rai da wuri, in ka bincika za ka iske Islamiyyar matan aure ce ta fara haɗa su, daga nan adashi ya biyo, daga nan aka fara zuwa barka da gaisuwar mutuwa tare.

Mutuwa ita ce ma'aunin da ba ya ƙarya. A tsohuwar unguwa, kafin kukan farko ya lafa liman ya ji, an san mai wanka, tela ya yanko likkafani, makara na jingine a masallaci, samari sun tafi da diga da shebur. A sabuwa, sai a sa sanarwa a WhatsApp a jira. Ɗan cikin gari yana da mafita, zai sa gawarsa a mota a kai gidan gado, a sallace ta a can a kai maƙabartar Ɗan Marna ko ta Ɗan Takum inda iyaye suke. Baƙon da aiki ya kawo, da wanda ya gudo daga ƙauyen da ba ya komuwa, su ne ke tsayawa a tsakar gida suna tambayar ina ake kai mutane a nan. Amsar sau da yawa ita ce tsohuwar maƙabartar ƙauyen da birni ya cinye, wadda aka yi don gida ɗari, yanzu dubbai ke kawo mata, gefenta kuma ana ta gutsura don ba katanga. Kabari ɗaya da ratar da ke tsakani yana cin kusan murabba'in mita uku, ke nan fuloti guda bai wuce kabari 150 ba. Unguwar da ke da gida ɗari biyar ta yi wa kanta wannan lissafi tun ƙasar gefenta tana gona.

Wa zai yi lissafin? A cikin ganuwa tsanin a bayyane yake, mai unguwa, dagaci, hakimi, har fadar Sarki. Bayan ganuwa ma akwai shi, don kowace gona da aka yanka tana ƙarƙashin wani mai unguwa. Sai dai sababbin zuwa da yawa ba su san sunansa ba sai ranar da suke neman sa hannu a takarda. A madadinsa sai a kafa kwamitin unguwa, a sa kuɗin wata don 'yan sintiri da kwashe shara. Kwamiti abu ne mai kyau, amma dubi waɗanda ake kira taro: masu gida. Ɗan haya, wanda shi ke kwana a layin alhali mai gidan yana Abuja, ba ya da murya. Mutanen ƙauyen asali, ana ganinsu a matsayin masu gadi da leburori a kan ƙasar da kakanninsu suka nome. Wanda ya gudo daga Batsari yana kango da iyalinsa kuwa, sunansa ba ya fitowa sai an yi sata. Wannan kuskure ne ko ta fuskar tsaron da ake taruwa dominsa. Mai zama a kango shi ke wuni a layin, shi ya san baƙuwar fuska. Abin da ya dace shi ne a kai shi gaban mai unguwa, mai kangon ya tsaya masa, a rubuta sunansa da garinsu da yawan iyalinsa kamar yadda ake yi wa kowane baƙo tun zamanin da, a sa 'ya'yansa a makarantar allon layin, a kira shi taro. Dattijon da aka ce wa, "Baba, gobe bayan isha'i akwai zama, a zo," ba zai ga abin cutarwa ya yi shiru ba.

Akwai kuma siyasar abin. Wuraren nan da yawa a ƙasar ƙaramar hukumar Batagarawa suke, amma mazaunansu katin zaɓensu na rumfar tsohuwar unguwa ne, ranar zaɓe can suke komawa a gaisa da abokan ƙuruciya. A 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe a faɗin ƙasa daga 119,974 zuwa 176,846, musamman don irin waɗannan sababbin matsugunai, amma da yawa sun zauna da 'yan tsirarun masu rajista saboda mutane ba su nemi a mayar da su ba. Kansila yana ƙirga ƙuri'a ne, ba tsayin katanga ba. Layin da ke da gida ɗari biyu da ƙuri'a talatin zai daɗe yana rubuta takardar neman kwalbati. Sauya rumfa ba ya taɓa takardar shaidar asalin mutum, wadda har gobe daga ƙaramar hukumar mahaifinsa za ta fito, kuma ba ya hana shi zuwa Ƙofar Soro kallon hawan Sallah.

Inda gini bai riga ya cika ba, har yanzu da sauran dama, kuma ba ta da tsada kamar yadda ake zato. Mutum ashirin na farko da suka sayi fili a gona ɗaya su nemi juna tun kafin kowa ya sauke bulo, lambobinsu suna wurin dillali. Su je wurin mai unguwa tare da mai gonar, a sake jan igiya a gabansu, a faɗaɗa babban layi ko da kowa zai sarayar da ƙafa biyu ta gabansa. Su haɗa kuɗi su sayi fuloti biyu a tsakiya, ɗaya na masallaci da Islamiyya, ɗaya na burtsatse da tiransifoma, a rubuta su waƙafi da sunan jama'a ba da sunan shugaban kwamiti ba, don magadansa ba su san alkawarin da ya yi ba. A kafa musu turakun siminti a kusurwa huɗu a ranar, a zagaye da ko bulo biyu ne, a dasa darbejiya. Sannan su zauna da dattawan ƙauyen a kan maƙabarta: nawa ya rage a cikinta, gonar wa ke jikinta, kuma nawa zai sayar kafin wani dillalin ya riga su zuwa.